Fansar Balaraba da Riyal Mai Kan Mace

Daga Garba ɗan Yaro, a Zangon Damagaram, zuwa ga taubashina Shu'aibu maƙerin fari, a Madarumfa. Watan Jimada na biyu, shekara ta 1314 ta Hijira.

Gaisuwa mai yawa da aminci da sada zumunci. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da Gwaggo Inde. Ni lafiya lau nake, in ban da haƙorin nan na dama da ya raba ni da goro.

Na so in fara da "bawana" kamar yadda muka saba tsokanar juna tun muna wanka a tabki, amma yau bakina ya ƙi ɗaukar kalmar. Shu'aibu, na ga Balaraba. Ƙanwarka tana nan da ranta.

Ka san sana'ata dillanci ce, ina shiga gidajen Larabawan Zango da fata da gashin jimina. Shekaranjiya ina gidan wani Balaraben Gadamas, Sidi Muftahu, muna ta ja-in-ja a kan ciniki, sai na ji murya daga bayan danga: "Garba na Kawu Yaro?" Na waiwaya. Wallahi ba don zanen fuskarta ba, da ban gane ta ba. Ta rame, ga marin ƙarfe a ƙafa. Maharan da suka ɗauke ta a gonar wake da kaka sun sayar, wanda ya saya shi ma ya sayar, har ta faɗo hannun wannan. Ba ta yi kuka ba. Abin da ta fara tambayata shi ne, "Wa ke ba yarona nono?"

Na koma na durƙusa gaban Sidi na ce 'yar'uwata ce, ɗiya ce ba baiwa ba, Musulma ce, tana da miji da ɗan goye. Ya ce Allah sarki, ya ce abin tausayi, sannan ya yanka kuɗi. Ba ya son kuɗin wuri, ba ya son zanen turkuɗi, ba ya son doki. Riyal yake so na azurfa, mai kan macen nan, guda arba'in, kuma masu kyau. Da ya gama faɗa sai ya zuba mini shayi, ya tashi ya ja mu sallar la'asar. Tir! Na bi shi sallar ne kawai.

Ayarinsa zai tashi zuwa arewa bayan ƙaramar Salla. Ka san wanda ya shiga hamadar nan a igiya, ko labarinsa ba ya dawowa. Na ba shi ɗan abin hannuna jingina don kada ya sayar da ita kafin lokacin. Sauran yana wuyanka. Riyal a garinmu ba a tukunya yake ba, yana wuyan mata da goshinsu, don haka ka bi gida-gida, ka ajiye kunya. Audu mai jakai ne zai kawo maka wannan, amintacce ne, ta hannunsa za ka aiko. Wassalam.

Daga Shu'aibu maƙeri, a Madarumfa, zuwa ga Garba ɗan Kawu Yaro. Farkon watan Rajab.

Aminci ya tabbata gare ka. Takardarka ta iso, muna lafiya, Allah ya ba haƙorinka sauƙi. Yaron Balaraba yana hannun Gwaggo Inde, da nonon akuya da koko take riƙe shi. Ya yi zawo ya warke, har ya fara rarrafe.

Da na karanta wa mutane cewa tana raye, guɗa da kuka suka haɗu a tsakar gida. Allah ya saka maka, Garba. Duk iskancinka ka yi rana.

Na bi gari kamar yadda ka ce. Mata dai sun fidda mu kunya. Wata ta ciro na goshinta a gabana, wata ta kwance na wuyan ɗiyarta, wata matar masunci da ban taɓa ko gaisawa da ita ba ta biyo ni har maƙera da nata a ƙulle a bakin zane. Amma maza, kai, maza! Mijin Balaraba, Kanta, yana da doki a turke wanda in an sayar zai ɗauke rabin nauyin nan. Na ce ya sayar. Ya ce dokin na yaƙi ne, in ganga ta yi kira da me zai fita? Wane yaƙi? Ranar da aka ɗauke matarsa, a cikin rumbu aka same shi. Daga baya ya aiko mini da riyal biyu, na sa haƙori a ɗaya, haƙorin ya shige. Dalma ce. Ni zai kawo wa dalma, ni da na tashi a bakin wuta! Kuma an ce an gan shi yana kai goro wani gida a Ɗan Issa.

Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce Gwaggo Inde. Ka tuna jar layar nan da take ɗaurawa a ƙugu? Ashe riyal ne a ciki. Mijinta marigayi ya kawo mata daga Agadas tun ba a haife mu ba, ta sa baduku ya ɗinke shi a fata, ta ce ta ba Doguwa, iskar da take yi wa bori. Na roƙe ta, na durƙusa, na ce Gwaggo, ɗiyar ƙaninki ce fa. Ta ce, "Ba nawa ba ne da zan bayar. Ba a taɓa ta, ba a wanke ta, ba ta ganin wuta." Tana faɗa tana jijjiga ɗan Balaraba a baya. Ka ji tsohuwa, ƙafa ɗaya a kabari, ta fifita aljana a kan jininta. Na tofar da yawu na fita.

Duk da haka sun kusa cika. Sai dai in ka gan su sai ka yi amai. Man shanu, shuni, lalle, gumin shekara da shekaru, duk sun daskare a kansu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wasu an huda su, wasu an yi musu kunne don rataya. Ka ce masu kyau yake so. To ka bar ni da su, wannan aikina ne. Wassalam.

Daga Garba, a Zangon Damagaram, zuwa ga Shu'aibu. Farkon watan Rajab.

Gaisuwa da fatan alheri. Ban samu amsarka ba tukuna, na san Audu yana hanya. Haƙorin na sa wanzami ya cire, na huta. Balaraba tana nan, na samu an bar ni ina kai mata fura. Wani mai kanwa zai bi ta Tasawa ya sauka wajenku, shi ya sa na yi saurin rubuta wannan. Ka karanta ta da kyau, ka sake karantawa.

Jiya na ga yadda Sidi yake karɓar riyal, hankalina ya tashi. Wani Buzu ya kawo masa biya. Bai ƙirga ba, bai ciza ba, bai buga a dutse ya ji ƙara ba kamar yadda muke yi. Wani ɗan madubi ya ciro mai ƙara wa abu girma, ya kara a ido, ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Ya ture kusan rabi gefe ya ce sun mutu.

Na yi masa ladabin ƙarya har ya nuna mini. Ya ce duk riyal shekara ɗaya aka rubuta musu, shekarar da sarauniyar da ke jiki ta mutu, amma ba gida ɗaya ya buga su ba, kuma kowane gida da alamarsa, kamar yadda kowace zuriya take da askarta. A kafaɗar matar akwai maɓalli, kewaye da shi akwai 'yan ƙwayoyi kamar gero. Su yake fara dubawa. In sun goge, mutanen hamada ba sa karɓa, shi ma ba ya karɓa. Ƙarƙashin ƙirjinta akwai haruffa biyu na Nasara, ƙanana ƙwarai. In ka juya baya, wajen tsuntsun nan mai kai biyu, akwai ɗan gicciye kusa da shekarar. Har rubutun da ke zagaye da bakin riyal ɗin sai ya bi shi da farce. Dauɗa ba ta dame shi ba ko kaɗan. Ya ce dauɗa shaida ce cewa ba a yi wa abu wayo ba.

Ya kuma ce akwai wani iri da ya daɗe yana nema, na tsohon bugu: ƙarƙashin ƙirjin babu komai, haruffan sun koma baya, ƙarƙashin faratan tsuntsun. Wai wani Banasare a Tarabulus yana tara irinsu, ba don ya kashe ba, don ya zauna ya kalla kawai. Ka ji aikin wanda ya ƙoshi.

Sannan ya buɗe akwati ya ciro wasu da ya naɗe a alharini. Fuskarsu kamar ruwan tabki da safe, har gemuna na gani a ciki. Ya ce ba su taɓa shiga kasuwa ba. Na miƙa hannu, ya buge mini yatsa, wai a gefe ake riƙe su. Shu'aibu, mutumin da ya kwantar da ɗiyar gwaggona kusa da turken raƙumi, shi ke tsoron kada gumin yatsana ya ɓata fuskar mace ta azurfa.

Saboda haka, don girman Allah, yadda mata suka ciro su haka za ka aiko. Kada ka sa su a wuta. Kada ka wanke. Kada ka goga. Mai huda ma ka bar shi da hudarsa, ya ce yana karɓa da ɗan ragi in alamun suna nan. Na san hannunka, ba ya ganin azurfa ya zauna lafiya. Ka ɗaure shi. Wassalam.

Daga Shu'aibu, a Madarumfa, zuwa ga Garba. Ƙarshen watan Rajab.

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, yaro ya fara tsayawa da bango. Tun takardarka ta farko ban sake jin ɗuriyarka ba, ko shayin Larabawa ne ya sa ka manta da mu? Audu ya dawo, ga shi na sallame shi da kayan. Suna ƙasan kwandon bandar kifi, a naɗe cikin tsumma. Ko ɓarawo ya buɗe, wari zai kore shi.

Arba'in sun cika cif, ba da taimakon Kanta ba, ba da na Gwaggo Inde ba.

In ka buɗe, ka tuna da ni. Ubana, Allah ya jiƙansa, ya ce azurfa ba ta fita maƙera da baƙar fuska, ko ta maƙiyinka ce. Balle wadda za ta fanshi ƙanwata, a gaban baƙo, a garin mutane! Ba zan bari Balarabe ya ce mutanen Madarumfa ƙazamai ne ba. Na rufe maƙera ga kowa, na zauna a kansu. Kowane ɗaya na sa shi a wuta har ya yi ja, na tsoma a ruwan tsamiya, na tafasa da lemun tsami, sannan na bi shi da toka da yashin bakin tabki, mai laushin nan na wajen masunta. Kunnuwan na cire, hudojin na toshe da sinadarin liƙi na daddale, ko kai ba za ka gane inda suke ba. Akwai wasu 'yan ƙuraje a kafaɗar matar da ke riƙe dauɗa, da wani tabo ƙarƙashin ƙirjinta, sun ba ni wahala ƙwarai, sai da na goge su da magagari a hankali. Yanzu sun yi sumul. Bakinsu ma na daidaita shi, ba ya kama zare.

Yatsuna sun tsattsage, tsamiya ta cinye mini farce, amma da na shanya su a tabarma mata suka zo kallo, wata ta rantse ba nata ba ne a ciki. Gwaggo Inde ce kaɗai ta leƙo ta ce, "Hm," ta wuce. Baƙin ciki ne, ba komai ba.

Ka gaya wa Balaraba na sa an yi wa ɗakinta sabon jinka. Ku taso da wuri, ku yi azumi a gida. Wassalam.

Daga Garba zuwa ga Shu'aibu. Tsakiyar watan Sha'aban.

Gaisuwa, don ba a fara takarda babu ita. Lafiyar jiki akwai.

Me ka yi? Shu'aibu, me ka yi? Takardata ce ba ta iso ba, ko ka karanta ka ce ka fi kowa sani?

Da Audu ya iso ban ko buɗe tsumman ba don ɗoki, na wuce gidan Sidi kai tsaye. Ya sa aka fito da Balaraba, aka cire mata mari. Ta riga ta yi ban kwana da sauran matan, ta ba wata ɗan ƙoƙon da take shan ruwa da shi. Tana tsaye a bakin zaure. Na kwance tsumma na zuba su a kan darduma, hasken ya doki idona.

Ya ɗauki ɗaya. Bai ma ciro madubin ba. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya aika aka kira maƙwabtansa Larabawa su zo su ga abin mamaki. Ya ce, "Wane wanzami ne ya yi musu aski?" Suka riƙa miƙa wa juna suna ƙyaƙyatawa. Ƙurajen da ka ce, su ne ƙwayoyin maɓallin. Tabon da ka sha wahala a kansa, su ne haruffan. Duk abin da ya sa riyal ya zama riyal ka bi shi da magagari ka share, ka aiko mini da fayafayai masu sheƙi. Garin neman gira ka rasa ido.

Ya ce yanzu ba kuɗi ba ne, guntayen azurfa ne, sai dai awo. Ya ɗora a mizani. Abin da yashinka ya ci ya fita, ya kuma cire na sinadarin da ka cusa, ya ce ba azurfa ba ce. Bai kai ba, Shu'aibu. Da sauran giɓi babba. Na roƙe shi, na kama ƙafarsa, ni Garba, na kama ƙafar mutumin nan mai warin turare. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba mai sadaka ba. In an cika kafin Salla, to. In ba a cika ba, ya mayar mana da kayanmu, ita kuma ta bi ayari.

Ya ɗaga hannu, aka zo aka mayar mata da marin a gabana. Ita da kanta ta miƙa ƙafar. Na fi son da ta zage ni.

Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba, shi da ke auna mutum da ƙwayar gero a kafaɗar gunki, ko kai da kunyar kada a ce mana ƙazamai ta fi ƙarfin hankalinka, ko ni da nake cin abinci a ƙofar irin waɗannan gidaje shekara da shekaru ban taɓa leƙa bayan danga ba sai da aka kira sunana. Na zaga Zango neman rance, kowa ya ce kuɗinsa yana cikin kayan ayari. In akwai sauran riyal a Madarumfa wanda hannunka bai taɓa ba, ka aiko. In babu, ka fara koya wa yaron cewa Gwaggo Inde ce uwarsa. Wassalam.

Daga Shu'aibu zuwa ga Garba. Farkon watan azumi.

Aminci. Mun ga wata, mun kama baki. Jiki lafiya, yaro lafiya. Sauran kuwa sai addu'a.

Takardarka ta gargaɗi ta iso, amma bayan Audu ya yi nisa da kayan. Mai kanwar ya kwanta ciwo a Tasawa, takardar tana cikin hularsa. Ya kawo mini ita duk maiƙo, har yana jiran tukuici. Na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa. Tun ranar nake jiran wadda ta biyo baya, na san abin da za ta ce kafin ta zo.

Amma ka gaya mini, Garba, wa ya taɓa jin an ƙi azurfa don ta yi haske? A wace duniya dauɗa ta fi tsabta daraja? Na yi abin da ubana ya koya mini, wanda ubansa ya koya masa. Ina faɗin haka, kuma ko kallon magagarin nan ba na iya yi. Na jefa shi tabki. Matan da suka ba da nasu suna zuwa yi mini sannu, na fi son su jefe ni da dutse. Kanta kuwa, wai har da shi a masu magana. Yana zaune a bakin masallaci yana cewa dama ya san za a yi haka, shi ya sa bai sayar da doki ba. Ba don azumi ba, da na cusa masa dalmarsa a baki.

Na sake bin gari. Babu sauran riyal ko na magani.

Gwaggo Inde ta sa na karanta mata takardunka duka biyu. Da na zo inda ka ce ta miƙa ƙafar da kanta, sai ta ce in tsaya, ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari da hantsi ina taya Audu ɗaura wa jakai kaya, sai ga ta da yaron a baya. Ta sa hannu cikin zane ta tsinke igiyar layar. Na miƙa hannu. Ta ce, "Kauce, sarkin wanke-wanke. Kai ba ka taɓa ta." Ta danƙa wa Audu, ta ce kada kowa ya farke fatar sai a gaban Balaraben. Na ce, "Gwaggo, Doguwar fa?" Ta ce, "In mai abu ta zo neman abinta, ta san ɗakina." Ni ban yarda da iskokinta ba, amma ita ta yarda, kuma ta san abin da take jira. Ni ne na tofar da yawu a ƙofarta.

Ban san abin da ke cikin fatar ba. Ko ya cinye, ko ya goge, ko dalma ce irin ta Kanta. Kuma na san riyal ɗaya ba ya cike giɓin da na yi. Don haka ga maganata, kuma ba wasan taubashi ba ne. In ya ƙi, ka tambaye shi ko yana son maƙerin fari a madadinta. Ina da ƙarfi, ina da sana'a, na fi mace mai jego tsada. Ka aiko kawai, zan taho da ƙafata. Ka daɗe kana kirana bawanka, sai ka ga abin da idonka. Wassalam.

Daga Garba, a Zangon Damagaram, zuwa ga ɗan'uwana Shu'aibu. Bayan ƙaramar Salla.

Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Ka gaida Gwaggo Inde, ka durƙusa har ƙasa in za ka gaishe ta, ka ce inji ni. Ina fatan tana lafiya, ka rubuto mini gaskiya a kan wannan.

Ka zauna a maƙerarka. Balaraba tana ɗakina, ba mari a ƙafarta.

Audu ya yi jinkiri a hanya, sai ana jajibirin Salla ya iso, an riga an fara ɗaure kayan ayari. Na kai wa Sidi layar yadda take. Ya karɓa da yatsa biyu yana yatsine fuska, don fatar ta sha gumi, ya sa 'yar wuƙa ya farke ɗinkin. Riyal ɗin ya zamo a kan darduma. Gefensa ya yi duhu, amma fuskar, kai! Tun da aka buga shi hannu bai goge shi ba. Kowace ƙwaya a maɓallin tana tsaye da kanta.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ciro madubi. Ya duba ƙarƙashin ƙirjin, ni ma na leƙa, babu komai. Ya juya baya a hankali, ya kai madubin wajen faratan tsuntsun, ya daɗe bai ɗago ba. Ya so ya yi mini wayo, ya ce ba laifi, ɗan tsoho ne. Na ce to ba ni abina, akwai wani Balaraben a ƙofar gabas. Ya dafe shi da alharini kamar kaza ta rufe ƙwai. Ya ce ciniki ya faɗa, da wannan da fayafayanka da jinginata, duka. Na ce ɗauki. Ko kallon inda take bai yi ba, ya yi wa baransa nuni da hannu ya ce, "Kwance ta," idonsa na kan azurfar.

Ka ga abin da ya fanshi ƙanwarka. Ba roƙona ba, ba kasancewarta ɗiya ba, ba ɗan da ta bari ba. Wasu 'yan haruffa ne da ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda wani maƙerin Nasara ya ga dama ya sa a baya maimakon gaba. Na yi godiya ga Allah, amma bakina ɗaci yake yi har yanzu.

Ban gama ba. Muna bakin ƙofa sai madugun ayarin ya shigo ya ce an rage masa kai ɗaya, shi kuwa da lissafinsa aka yi guzurin ruwa da na kaya. Sidi bai ɗago ba, ya ce a je kasuwa a ciko. Kafin mu gama ɗaura wa Balaraba tsumma a gyambon ƙafarta, sun dawo da wata. Marin da aka cire mata ko hucewa bai yi ba, aka sa wa waccan. Ta ji muna magana, ta dube mu ta ce, "'Yan'uwa, ku na ƙasar Maraɗi ne?" Zanen fuskarta irin namu ne, Shu'aibu. Balaraba, wadda ba ta yi kuka ba duk watannin nan, a nan ta faɗi tana birgima.

Na bar dillanci. Ba zan sake shiga gidajen nan ba ko da yunwa za ta kashe ni. Da ƙafarta ta ɗan warke za mu biyo Audu, ka tanadar mini fartanya. Kalmar nan da muke tsokanar juna da ita kuwa, ta mutu tsakanina da kai.

Saura saƙo ɗaya, na yi wa waccan da aka sa wa marin alkawari. Ranar kasuwa ka je garin Sarkin Yamma, ka nemi gidan Salisu masaƙi. Ka ce masa ɗiyarsa Lantana tana gaishe shi, tana gaida uwarta, ta ce a yafe mata. Kada ka ce masa ya tara komai. Ayari ya tashi jiya da hantsi, na tsaya a bakin gari ina kallonsu har suka ɓace.

Wassalam.